Motar da Ta Jira Haihuwa

Shekarar da aka janye tallafin man fetur, wadda a cikin daminarta aka rufe iyakarmu da Nijar, ita ce shekarar da giyabos ɗin motata ya mutu. Haka mahaifina ya koya mini riƙon shekaru tun ina rubuta ajami a gabansa, a ɗaure abin gida a jikin abin gari don kada ya suɓuce.

Motar tsohuwa ce, ƙirar Jamus, baƙa, doguwa, irin wadda a da sai manyan ma'aikata da attajirai suke shiga. Hannu na biyu na saye ta, ina gab da ajiye aikin gwamnati. Otomatik ce, feda biyu, ita ke sauya wa kanta giya ba tare da wanda ke ciki ya ji ba. Ƙofar bayanta tana buɗewa hangam, kujerar kuma ƙasa-ƙasa take, da fili a gabanta, dogon mutum zai miƙe ƙafarsa ba ta taɓa komai ba. Saboda wannan ƙofa da wannan kujera na ƙi rabuwa da ita, ko da yake kusan kowa ya ɗauka taurin kai ne kawai irin na tsofaffi. Akwai taurin kan ma, ban musa ba.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, mai sayar da hatsi, gidansa na Ƙofar Taramniya. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka a wasanmu na taubasai shi bawana ne, ni ubangidansa, kuma tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba zolaya. Lokacin ciwon ajalin mahaifina ba ni da abin hawa sai tsohon babur. Shi yana da akori-kurar ɗaukar buhuna. Duk ranar da likita ya sa mana, sai ya bar rumfarsa da masu ciniki a tsaye, ya zo ya ciccibi kawunsa da hannunsa ya sa a gaba, mu tafi. Ya yi haka tsawon jinyar, bai taɓa aiko wani a madadinsa ba. Bayan an share makoki na je yi masa godiya, sai ya tare ni tun ban buɗe baki sosai ba.

"Riƙe godiyarka, ba ta cika mudu," in ji shi. "Bashi na. Randa ƙahwata ta ƙi ni, kai za ka ɗauke ni, kuma da hannunka, ba aike ba."

Muka yi dariya. Amma na ce na karɓa, kuma a gaban mutane na faɗa.

Allah ya kawo ranar. Kafin azumin wannan shekara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Magana ta dawo masa da wuri, abin da ya sa na ce ko ciwo bai iya da bakinsa ba, amma ƙafar ta sandare, gwiwar ba ta lanƙwasuwa. Likitoci suka ce a riƙa kawo shi gashi da motsa jiki, in ba haka ba ƙafar za ta ƙage ke nan. Na fara biyan bashina. Zan tashi daga unguwarmu ta Runjin Sambo da hantsi, in tsaya daidai bakin zaurensa, in buɗe ƙofar baya, ya dafa kafaɗata ya juya ya zauna, in ɗaga ƙafar in shigar. Ba wanda zai gane da ƙyar ya shiga. Da ya zauna sai ya gyara hula ya ce, "Direba, mu tahi, kuma ka bi a hankali, mai mota na ciki."

"Duniya ta lalace," nakan ce, "bawa a gidan baya, ubangida a sitiyari."

Ana nan damina ta sauka. Wani maƙwabcina aka yi masa rasuwa a ƙauye, ya zo aron motar don ya kai iyalinsa gaisuwa. A unguwarmu ba a hana aron mota don rasuwa, sai dai in babu ita. Na ba shi makulli. A hanyar dawowa ta kafe masa a laka, shi kuma da motar giyar hannu ya saba, sai ya yi ta jefa ta gaba, ya jefa ta baya, yana taka mai, har ta fita. Da ta iso gida tana warin ƙauri. Washegari na sa ta a giya, inji ya yi ta kuka, mota tana tsaye kamar an dasa ta. Maƙwabcin ya zo jiki a sanyaye yana cewa zai kawo abin da ya samu. Na ce ya bar maganar, ba da ganganci ya yi ba, kuma ni na ba shi.

Bakaniken da ke duba mini ita tun da na saye ta ya zaro man giyar ya shafa a yatsa, baƙi ƙirin, da ɗan gari-gari a ciki. Ya girgiza kai.

"Malam, wanga ya gama aiki. Sai dai wani."

"To a nemo wani."

"Ina? Iyaka na ruhe, kayan Beljiyam ba su shigowa. Irin wagga mota kuma ta yi ƙaranci. Ka bari in maishe ta manuwal. In yanke ƙasa in hidda hannun giya, in ƙara mata kuloci. Ko batir ya mutu sai a tura."

Na ce ba za a yanke mata komai ba. Gwiwata ta hagu ba ta da ƙarfin taka kuloci a cunkoson keke da babura, sannan duk sauya giya sai mota ta fizga, wanda nake ɗauka kuwa fizga kaɗan yana jin ta har ƙashin baya. Da feda biyu ta zo hannuna, da feda biyu za ta zauna. Ya ce to, ya aika Kano. Aka turo wani a motar haya, naɗe da buhu. Muka kwance, ya gwada, ramukan kusoshin ba su hau ba, na wata shekarar ne. Aka mayar da shi.

Babban ɗana ya same ni a zaure da maganar da na san tana tafe. Ya ce mai ya yi tsada, motar shan mai gare ta, masu sayen tsofaffin motoci su yanka suna nan, a ba su ita a cika a sayi ƙarama. Ya faɗa cikin ladabi, kansa a sunkuye. Na ce na ji, Allah ya yi masa albarka, kuma ba zan sayar ba.

Ba wai ban gwada wata hanya ba. Na ari ƙaramar motar wani aboki na je Ƙofar Taramniya. Ƙafar ta ƙi shiga. 'Ya'yansa suka kama, wannan ya tura, wannan ya ja, rigarsa ta tattare, hularsa ta faɗi a kwata, mutanen da ke zaune a dakalin maƙwabta suna kallo suna sannu. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗora buhu a kafaɗa shi kaɗai. Ya ce a fito da shi. Da aka mayar da shi zaure ya rantse ba za a ƙara cusa shi a mota kamar buhun dusa ba, ko keke mai ƙafa uku, ko babbar mota mai tudu da sai an ɗaga shi sama. Na san shi. In ya rantse, an gama. Tun daga ranar bai ƙara fita ba, ko Juma'a.

Sai bakanike ya zo mini da labari, fuskarsa a sake. Akwai irin motata sak, shekara ɗaya, a wani gida a Ƙofar Kware. Injinta ya buga tun da daɗewa, an jingine ta a gindin dogonyaro, amma giyabos ɗin lafiya lau, don shi ya taɓa sauya masa mai. Mai ita ya rasu bayan ƙaramar salla. Muka je. Ga ta nan tayoyi sun sace, ganye ya cika gilashi, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Babban ɗan mamacin ya fito, saurayi mai fara'a, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce ai ba komai, bakanike ya zo da kayan aiki ya kwance, ya mayar da nawa mataccen a gurbin, in ba shi abin da ya sawwaƙa.

Na tambaye shi, "An raba gado?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Ba a raba ba tukuna, Baba. Innarmu na da juna biyu, malam ya ce sai ta sauka."

"Kana da ƙanne?"

"Akwai su, ƙanana."

"To ba naka na ba, ɗana. Ba ka da ikon saidawa, ni kuma ba ni da ikon saye."

Bakanike ya ja ni gefe, yana magana ƙasa-ƙasa. "Malam, mota ta mutu. Awaki ka kwana ƙarƙashinta. Wa za ya leƙa cikinta ya ce wanga giyabos ba shi na ba? Kuɗi kuma ba ƙwace za ka yi ba, biya za ka yi."

Na ce masa na san wanda zai leƙa. A makarantar zaure, kafin a koya mana rabon gado sai da aka fara tsoratar da mu a kan dukiyar maraya, kuma tsoron bai bar ni ba har na yi furfura. A wannan mota akwai rabon yaran da ba su san ma ana ciniki ba, akwai rabon wanda bai zo duniya ba. In na ɗauki taubashina a kan wannan ƙarfe, na biya bashi ɗaya da wani bashin da ba ni da inda zan kai shi.

Na je wurin malamin da aka ba amanar rabon, dattijo ne da muka yi karatu a gaban malami ɗaya, ko da yake ya girme ni. Na yi masa bayani tun daga farko. Na yi zaton zai sama mini wata ƙofa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce abin da na riga na sani, a mazhabarmu ba a taɓa dukiyar mamaci da rabo matuƙar akwai ciki, sai an haihu an ga abin da Allah ya kawo, namiji ko mace, mai rai ko akasin haka. Ya ƙara da cewa ko bayan haihuwar ba zai yarda a cire giyabos a bar wa marayu gangar jiki ba, don darajar motar a cikinsa take. Wanda ke so ya sayi motar ɗungurungum, a kan ƙimar da masana suka yi mata.

Na ce na ji, a rubuta ni a mai saye.

Da na kai wa taubashina labarin yana kwance a kan katifa a zaure, sai da ya yi dariya har ya sarƙe.

"Wato yanzu hitata na hannun jinjirin da ba a haiha ba? Kai, Allah ya haɗa ni da ubangida! An ce ka rabu da akwala guda, ka tahi ka ɗauro ta biyu."

"Gidan ubangida ai ba a rasa dabbobi."

Dariyar ta lafa. Ya dubi ƙafarsa. Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ɗan kawu, ka saida motarka. Wancan zance wasa na. Na yahe maka."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ba ka isa ba. Kai ka sa sharaɗi, ni na karɓa a gaban mutane. Lokacin da kaka ciccibar tsohona na ce maka na yahe? Riƙe yahiyarka, ita ma ba ta cika mudu."

"Ƙahwar na ƙagewa, kana gani."

"Ina gani."

Ina gani kuwa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a watannin nan. Kullum da hantsi nakan hau keken haya in je, in zauna a gefen katifar, in kama ƙafar in riƙa lanƙwasawa ina miƙewa yadda na ga ma'aikatan asibiti suna yi, yana zagina ina ramawa. Amma hannuna ba na'ura ba ne, kuma ina jin gwiwar tana ƙara tauri mako bayan mako. 'Ya'yansa sun daina haɗa ido da ni. Na san abin da suke faɗa a bayana, wai tsoron Allahna ƙafar ubansu ke biyansa. Bakanike ya sake zuwa har gida ya ce saurayin nan fa har yanzu a shirye yake. Na ce ya gaishe shi. Ɗana ya sake tayar da maganar sayarwa, wannan karon ta bakin mahaifiyarsa. Na ce mata ta gaya masa ranar da na mutu motar tana cikin gadonsu, su yi yadda suka ga dama, amma su jira a raba.

Na sa aka ja motata zuwa gareji aka ɗora ta a kan rami, aka sauke mataccen giyabos, aka wanke bututun da man ke bi. Masu wucewa suna tsayawa su tambaya ko ta sayarwa ce. Wani mai sayen ƙarafa ya yi ta zagaya ta yana ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa, kamar mai taya rago. Na ce ya ɗauke hannunsa daga kanta.

Ruwa ya ɗauke, aka fara yankan gero, sannan aka aiko mini cewa matar ta sauka, an sami mace, lafiya lau. Na je suna da goro da turmin atamfa, ni da ban haɗa komai da gidan ba sai tsohon ƙarfe. Bayan suna malam ya tara magada, aka kira mutum biyu da suka san motoci suka yi wa motar mamacin ƙima a gaban kowa. Ƙimar ta fi abin da saurayin ya so karɓa a ɓoye nesa ba kusa ba. Ban nemi ragi ba. Na sayar da wani ɗan fili da nake ajiye da shi a bayan gari, na biya a hannun malam, aka kori awaki, aka ja ta.

Aikin ɗorawa ya ci yini biyu ko uku, ban riƙe ba. Na kafa kujera a inuwar gareji na zauna. Giyabos abu ne mai nauyi, sai da aka tallafe shi da jak daga cikin rami, ana ɗagawa kaɗan-kaɗan har bakinsa ya haɗu da na inji, kusoshi suka shiga ramukansu ba gardama. Bakanike ya so ya zuba man da ke gare shi a galan, na ce sai sabo, a buɗe a gabana. Ya ce, "Malam, kai da wuyar sha'ani kake." Na ce ya daɗe da sani. Aka tayar da ita, aka bar ta ta yi zafi, ya taka birki ya ja hannun giya zuwa ribas. Ta ɗan nisa, ta ja baya a hankali. Ya mayar gaba. Muka fita titi, ina gefensa, ina kasa kunne. Ta ɗauki ta biyu, ta ɗauki ta uku, ban ji komai ba sai ƙarar inji da ta sauka. Na yi hamdala a fili.

Washegari da hantsi na tsaya a bakin zauren Ƙofar Taramniya, na buɗe ƙofar baya. Ya fito yana dogara sanda, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya dafa kafaɗata ya juya ya zauna. Na kama ƙafar. Ta fi da tauri, sai da na tura kujerar gaba har ƙarshe kafin ta shiga, kuma na ga ya cije leɓe. Ƙafar nan ba ta koma yadda take kafin damina ba har yau, likita ma ya faɗa mana ranar cewa an yi jinkiri. Na ji, ban sunkuyar da kai ba. Da za a mayar da ni gindin dogonyaron nan, amsar da na ba saurayin ita zan sake ba shi.

Da muka fito daga asibiti na juya kan mota zuwa gida, sai ya buga bayan kujerata da sanda.

"Direba, wa ya ce maka gida? Kasuwa."

Na kai shi har bakin rumfarsa, inda motar kaya kaɗai ke shiga. Sabon gero ya shigo, buhuna jibge. Abokan cinikinsa suka taso suna kabbara, suna kiran sunansa. Bai bari kowa ya taɓa shi ba. Ya dafa ni ya fito, ya taka da sandarsa har gaban wani buhu da aka buɗe, ya nutsa hannunsa mai lafiya a ciki har wuyan hannu, ya ɗebo ya shinshina, ya jefa 'yan ƙwayoyi a baki. Ya ce wa ɗansa geron bai gama bushewa ba, wa ya ce a saya. Sannan ya juyo ga mutanen da ke tsaye, ya nuna ni da haɓa.

"Ku shaida. Wanga mutum na bi shi bashi tun rasuwar kawuna. Na yahe mashi ya ƙiya, don baƙin taurin kai. To yau ya biya. Ba ni bin shi komi."

Na ce, "An shaida?"

Suka ce an shaida.

"To madalla," na ce. "Jibi ma akwai asibiti. Wannan kuma ba bashi ba na, sadaka ta ga bawa."

Ya ɗaga sandar kamar zai maka mini, ya fasa don kada ya faɗi, ya ce a kawo masa kujera.